Faifan 360KB ya daina karantuwa bayan an yi rubutu da injin 1.2MB

Mai Gyara Terminus: Assalamu alaikum. An kawo wata tsohuwar kwamfuta IBM XT nan Jos, injin fulofinta na 360KB ne. Duk faifan da aka yi wa rubutu a injin 1.2MB, sai ta ƙi karanta shi. Ina matsalar take?

Injiniya Bukuru: Wa alaikumus salam. Faɗin layin da injin ke rubutawa a kan faifai ne, malam. Injin 360KB layi 40 yake yi, 48 a kowane inci, na 1.2MB kuwa 80 ne, 96 a inci, kansa na karatu da rubutu siriri ne. In ya yi rubutu a kan tsohon layi, tsakiyar kawai yake taɓawa, tsohon rubutun na nan a gefe da gefe. Faffaɗan kan XT sai ya kwaso duka biyun a cakuɗe. Ka yi fomat da rubutu a injin 360KB ɗin kansa, na 1.2MB ka bar shi ga karatu kawai.

Hajiya Rayfield: Ka kuma duba faifan. In HD ne, wato faifan 1.2MB, ba zai yiwu ba sam. Fuskarsa na buƙatar maganaɗisu mai ƙarfin oersted 600 (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), na DD kuwa, wato faifan 360KB, 300, tsohon injin ba zai iya ba. Don ka bambanta su, yawancin DD na da zobe a bakin ramin tsakiya.

Injiniya Bukuru: Haka ne, Hajiya. In dole sai da na 1.2MB, a samo sabon faifan DD da ba a taɓa yi wa rubutu ba, a buga umarnin FORMAT A: /4. Sau da yawa yana karantuwa.