Muhawara: A Ci Gaba Da Ɗigon Gida-gida, Ko A Koma Gyaran Asibitin Unguwa?

Malamin firamare, Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina. Ni a ganina lokaci ya yi da za a dakatar da rigakafin shan-inna na gida-gida, a kwashe kuɗin da ma'aikatan a mayar asibitocin unguwa. A 2023 mashaƙo ya ɗauke mana 'yar ƙanwata, shekararta shida. Yarinyar nan an ɗiga mata maganin shan-inna ba adadi, a shafa mata tawada a ɗan yatsa, a yi rubutun alli a ƙofar gida. Amma allurar da za ta tsare ta daga mashaƙo, wadda sai a asibiti ake yi, ko ɗaya ba ta samu ba. Uwarta ta je sau biyu. Na farko aka ce ma'aikacin ya fita aikin gida-gida, na biyu aka ce firji ya lalace, sai ta haƙura. Tun 25 ga Agustan 2020 aka ce Afirka ta rabu da shan-inna. To me ake nema har yau a ƙofar gidajenmu?

Ma'aikaciyar jinya, Katsina: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙanta, ya sa mai ceto ce, ya ba ku haƙuri, Malam. Abin da ka faɗa na fitar ma'aikaci gaskiya ne, ni ma na sha rufe ɗakin allura kwana huɗu na bi tawaga. Amma bari in gyara abu ɗaya. Wanda aka ce an kawar a 2020 shi ne asalin ƙwayar cutar, mai yawo tun tale-tale. Akwai wani nau'in da ke rikiɗewa daga ƙwayar da aka raunana a cikin ɗigon, idan ta daɗe tana zagayawa tsakanin yaran da ba su da kariya. Shi ma yana shanye ƙafa, kuma har yanzu ana samunsa a Sakkwato, Zamfara, Kebbi da nan Katsina. Shi ake bi gida-gida a kai.

Malamin firamare: Hajiya, ai kin ƙara ƙarfafa maganata. Kin ce yana yaɗuwa ne inda yara ba su da kariya. Me ya hana su kariyar? Rashin allurar asibiti.

Ma'aikaciyar jinya: A nan ba mu da saɓani. Da kowane jariri zai samu nasa a sati 6, sati 10, sati 14, sannan ta ƙyanda a wata 9, da aikin ya yi sauƙi. Allurar mashaƙon ma tana cikin waɗannan ukun na farko, haɗe da ta tarin lala da wasu cututtuka uku. Inda muka rabu shi ne kalmar "a dakatar". Ba a rushe tsohon ɗaki kafin a rufa sabo.

Dattijo, tsohon mai duba-gari, Zariya: Yaro, ina maka ta'aziyya. Ni dakatarwar nan na gan ta da idona. A 2003 Kano da Zamfara da Kaduna suka tsayar da ɗigon, bisa jita-jitar wai yana hana haihuwa. Kuma kada wanda ya zagi mutanen wancan lokaci, domin raɗaɗin 1996 bai bar su ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya haɗa yara kusan 200 masu sanƙarau a Kano, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kano ba ta dawo ba sai a Yulin 2004, bayan an kawo maganin daga Indonesiya. Tsakanin 2003 da 2006 cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20. Yaran da ƙafafunsu suka shanye a lokacin yanzu magidanta ne, kana ganinsu a kan keken guragu. Sai da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya tara sarakuna a 2009, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga gaba, sannan ƙofofi suka buɗe. Wannan yardar da gumi aka same ta.

Malamin firamare: Baba, na ji, kuma ba hana ɗigo nake nufi ba. Cewa nake a yi shi a asibiti tare da sauran. Amma yardar da kake magana ita ce ke zubewa yanzu. Ka shiga unguwa ka ji abin da iyaye ke faɗa: "Ɗana na kwance da zazzaɓi, ko farasitamol sai na saya a kemis, amma maganin da ban nema ba an biyo ni da shi har ɗaki kyauta." Wannan tambayar ba jahilci ba ce.

Direban motar haya, Maiduguri: Malam, kai kana da asibitin da za a gyara. Mu fa? Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙarshen 2016 ya nuna cikin cibiyoyin lafiya 743 na Borno, kusan kashi biyu cikin uku an rusa su ko an lalata wani sashe. Yaran ƙarshe da asalin cutar ta kama a Najeriya, a Agustan 2016, a nan aka same su, Gwoza da Jere da Monguno, bayan an yi shekara biyu ana murnar babu ita. Tana ɓoye ne a garuruwan da ma'aikaci ba ya iya takawa. Yadda aka cim musu shi ne a tashoshin mota, a bakin kasuwa, a ƙofar sansanin 'yan gudun hijira, wani wurin da rakiyar 'yan ƙato-da-gora ko sojoji. Na sha tsayawa a shinge a ɗiga wa yaran da ke cikin motata. In ka ce sai a asibiti, ka cire 'ya'yanmu ke nan.

Ɗaliba a makarantar ungozoma, Gusau: Kawu ya faɗi abin da ke bakina. Ƙauyen kakannina yau shekara uku ba ma'aikacin da ke kwana, 'yan bindiga sun kore su. Ginin yana nan, awaki ke kwana ciki. Kuma ba zan ga laifin wanda ya gudu ba. An harbe mata tara masu rigakafi a Kano a Fabrairun 2013, an sace ungozomomi a Rann ta jihar Borno a 2018, aka kashe biyu. Sai dai, Kawu, ga inda nake tare da Malam: in tawaga ta sayar da rai ta shiga irin wannan wuri, wataƙila sau ɗaya a shekara, don me za ta shiga da ɗigon shan-inna kaɗai? A tafi da allurar ƙyanda, da ta mashaƙo, da maganin tamowa, da wadda za ta yi wa mata awon ciki.

Ma'aikaciyar jinya: 'Yata, ana yin haka a wasu zagayen, amma da wahalarsa. Ɗigo kowa ka koya masa cikin yini zai iya. Allura kuwa sai wanda ya yi karatun, ga sirinji, ga akwatin ƙanƙara mai nauyi. Masu karatun su ne ba mu da su.

Ɗan kasuwa, Damagaram: Salamu alaikum daga Nijar. Mashaƙon da ya taɓa ku ya taɓa mu a shekarar nan ta 2023, musamman wajen Matameye, kusa da iyakar Daura. Mu tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a gidan likita. Doka ce mai kyau, amma in gwamnati ta yi jinkirin biyan gidajen likitan kuɗinsu, sai ka tarar da kanta babu magani. Malam, ko da an tsayar da gida-gida gobe, wa ya ce maka kuɗin zai faɗo asibitinku?

Dattijo: Alhaji ya taɓo inda ke ciwo. Mafi yawan kuɗin shan-inna na masu tallafi ne daga waje, Rotary da gidauniyar Gates da sauransu, kuma don wannan aikin suka bayar. Ka tsayar, su ɗauke abinsu. Albashin ma'aikaci da gyaran firji aikin gwamnatinmu ne. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 2001 cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafi zai tafi lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, sai a 2018 aka fara sa shi a kasafi. Can ya kamata fushinka ya nufa.

Malamin firamare: Na karɓi maganar Borno da Zamfara, ban yi tunaninsu ba da na fara rubutu, ku yafe ni. Amma a birni irin Kano ina nan kan bakana a abu ɗaya: kada a sake rufe ɗakin allura don an fita zagaye. Hajiya, hakan zai yiwu?

Ma'aikaciyar jinya: Zai yiwu in mu biyu ne a wurin. Yanzu ni kaɗai ce. Kowace mazaɓa tana da kwamitin raya ta da ke sa ido kan asibiti, ka nemi na taku ka shiga, ku rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma a kan firjin nan, ku nemi mai aiki da hasken rana. Kafin nan, yarinyar tana da ƙanne?

Malamin firamare: Biyu. Ƙaramin wata bakwai.

Ma'aikaciyar jinya: Ka duba katinsu yau da dare. Yawancin alluran da suka wuce su ana iya ramawa, har babban. In ɗakin unguwarku a rufe yake, ku wuce na gaba, kada uwar ta sake komawa gida haka nan.