Ginin wane zamani ne ya taɓa tsayar da ku cak?

Malamar Tarihi: Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya na kai ɗalibaina Gidan Makama a Kano, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. A waje rana kamar ta fasa kai. Muna shiga zaure sai yaran da suka ishe ni da surutu a mota suka yi tsit, wata ta ja mayafina ta ce, "Malama, a ina suka ɓoye iyakwandishan ɗin?" Shi ne na ce bari in tambaya: wane tsohon gini kuka taɓa shiga da ƙafarku, har kuka ji maginan wannan zamanin sun fi kowa? Banda wanda aka gani a hoto don Allah.

Ɗan Magini, Zariya: Wa alaikumus salam Malama. Ni dai ba ni da na biyun zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya lokacin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Ina ɗan shekara goma sha biyu mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya riƙe hannuna bayan an watse daga salla ya ce, "Ɗaga kai." Na ɗaga. Ya ce, "To nemo mini ƙarfe." Babu.

A nan tsaye ya bayyana mini bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufin. Azarar giginya gara ba ta cinta, amma in ta yi tsawo da yawa sai ta lanƙwashe da nauyin ƙasa. Don haka ake dasa ta cikin ginshiƙi, kowane jeri ya ɗan zarce na ƙasansa, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a jira ta bushe kafin a ƙara wani. Haka daga wannan gefe, haka daga wancan, har su yi musabaha a tsakiya. Mai gaggawa ba ya wannan aiki. Abin da ke ci mini rai shi ne, tun shekarun 1970 aka kewaye shi da ginin siminti, baƙo zai wuce ta ƙofa bai san abin da ke ciki ba. Wanda ke son ganin siffarsa ta waje sai dai ya je Jos, inda aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya.

Almajirin Azhar: Yaya, ban raina ƙasa ba, amma zo Alƙahira ka ga aikin Mamalik, sarakunan Masar na da. Masallacin Sultan Hassan, wanda aka fara a 1356. Za ka shiga wani lungu mai duhu, ya karya da kai nan, ya karya can, kana cewa ko na ɓata ne, kwatsam sai fili ya buɗe, sama a kanka, manyan rumfuna huɗu na dutse sun kewaye ka. Wallahi hulata sai da ta faɗi. Mazhabobi huɗu kowace da makarantarta a kusurwa, ni kuwa ban zauna ba sai da na gano ƙofar Malikiyya. Wanda ke kallonsa, Masallacin Rifa'i, kamar tagwaye suke, alhali shi sai 1912 aka gama shi.

Hajiya 'Yar Kwari: Ni sarin dogayen riguna ya kai ni Santambul, ba yawon buɗe ido ba. Ƙafafuna sun kumbura da zagayen kasuwa, na shiga Masallacin Sulaimaniyya don in yi la'asar in huta. Sai magariba na fito. Magini Sinan ne ya gina wa Sarkin Turkawa Sulaimanu, daga 1550 zuwa 1557. Ba girman kubbar ne ya kama ni ba. Wata dattijuwa ce ta nuna mini wani ɗan ɗaki a saman ƙofa, ɗiyarta na fassara mini da Larabci: an tsara iskar masallacin ta riƙa jan hayaƙin fitilu zuwa can, a kankare baƙin a yi tawada. Na tuna zugen da muke yi a makarantar allo, na yi ta dariya ni kaɗai.

Baba Tsohon Tela: Ku duk kun tafi nesa, 'ya'yana. Nawa zamanin na gan shi da idona, shekarun 1950 zuwa 1960, lokacin da duk wanda ya sami kuɗin gyaɗa ko auduga sai ya kira mai zane ya yi masa fuskar gida. Namu akwai dagi a saman ƙofa, takobi a dama, keke a hagu, don mahaifinmu ne ya fara sayen keke a layin. Maƙwabcinmu da ya dawo daga Makka jirgin sama ya sa aka yi masa. Zankwaye huɗu a kan soro, kowace shekara kafin damina a yi yaɓe da makuba, warinta har yau yana hancina. Da aka raba gado, ƙannena suka rinjaye ni, aka rushe aka jera shaguna na bulo. Ko hoto ɗaya ban ɗauka ba.

Ɗan Magini, Zariya: Allah Ya ba da haƙuri Baba. In kana iya tuna zanen, zana mini a takarda, zan gwada shi a zaurena.

Direban Agadas: Ba wanda ya ambaci hasumiyarmu ta Babban Masallacin Agadas? Mita 27, ƙasa zalla, asalinta 1515, aka sake gina ta a 1844. Itatuwan da suka fito a jikinta su ne matakalar masu yaɓe. Na hau sau ɗaya, da farar shadda sabuwa. Matakalar ciki tana ƙara matsewa, ga jemagu, kusa da ƙarshe sai da na tafi a karkace. Na sauko ja wur, uwargida ta ce ba ita za ta wanke ba.

Malamar Tarihi: Malam direba, ana barin mata su hau?

Direban Agadas: Sai na tambayi ladan, Malama. Amma ko an bari, kada ki sa fari.