Latin a Takardun Kotunan Ingila: Rufa wa Talaka Ido ko Tsare Ma'ana?

Ɗalibar Lauya: Ni fa ina nan a kan bakana. Tsofaffin kotunan Ingila sun riƙe Latin ne don kada talaka ya gane abin da ake ƙullawa a kansa. Tun 1362 doka ta ce a yi shari'a da Turanci, amma rubutu ya zauna a Latin. Mai ƙara ya faɗi tasa, magatakarda ya rubuta abin da mai ƙarar ba zai iya karantawa ba. Wannan me ake ce masa?

Barista: Ƙanwata, a yi a hankali. Turancin lokacin kowane yanki da irin nasa, Latin kuwa ɗaya ne ko'ina. Kalma ta riga ta zauna da ma'anarta, ba ta motsi. Ko mu nan, in ana rabon gado a gaban alƙali ai asaba da wasiyya da tumunin takaba za ki ji. Wa ya taɓa cewa malamai ɓoye-ɓoye suke yi?

Malamin Tarihi: Barista, wannan "ba ta motsi" ce ban yarda da ita ba. Ɗauki *nepos*. Tana nufin jika, tana kuma nufin ɗan ɗan'uwa. Mai bin salsalar iyali ya ci karo da ita a takardar gado, sai ya bi rajistar coci kafin ya san wanne ake nufi. Ga taƙaita kalmomi: magatakarda ya ja ɗan layi a saman harafi, ya haɗiye rabin kalma. Ina tsare ma'anar?

Barista: Kalma ɗaya ka samo, Malam.

Malamin Tarihi: To ga wata gaɓar, kuma ta karya ku biyun. Wasiyyoyi da yawa tun ƙarni na 16 da Turanci aka rubuta su, mutum ya lissafa gadon kwanansa da tukwanensa, sai ɗan *imprimis* (da farko) da *item* (haka kuma) a farkon layi. Abin da ke Latin shi ne shaidar kotu a ƙasa, mai farawa da *probatum fuit*, wato an tabbatar. Matar mamaci kuma *relicta*, wadda aka bari. Kotunan coci ne ke wannan aikin har 1858, Latin kuwa harshen coci ne. Sabo ne kawai, da gadon sana'a.

Ɗalibar Lauya: Sabon da ake cin abinci da shi dai, Malam. In ba ya cutar kowa, me ya sa majalisa ta soke shi? Ai dokar da ta fara aiki a 1733 da kanta ta ambaci haɗarin faɗawa tarko saboda harshen da mutane ba su sani ba.

Barista: Ki ƙarasa labarin mana. Ba a je ko'ina ba aka yi wa dokar kwaskwarima, aka bar irin su *habeas corpus*, wato umarnin a kawo wanda ake tsare da shi gaban kotu, yadda suke, don fassararsu ta ƙi zama. Kafin nan ma an gwada Turanci zamanin Cromwell, lokacin da aka kawar da sarauta a Ingila, sarauta na dawowa a 1660 aka koma gidan jiya.

Kawu: Ni ban yi karatunku ba, 'ya'yana. Amma ranar da lauya ya ce mini an ba da oda *ex parte* a shari'ar filinmu, na ɗauka sunan alƙalin ne. Ashe nufinsa an saurari abokin shari'ata ba na nan.

Ɗalibar Lauya: Allah sarki Kawu. Turawan da suka kawo mana kalmar *ex parte* ɗin sun cire ta daga dokokinsu na shari'ar farar hula tun 1999. Barista, ku me kuke jira?

Barista: Sai na fito daga kotu, an kira shari'ata.