Ganyen fulawata yana bushewa, alhali kullum sai na ba ta ruwa

Maman Sadiya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin shuke-shuke ku taimaka min. Da ƙaramar Sallar da ta wuce ɗiyata ta kawo min wata fulawa daga Abuja, mai faffaɗan ganye kamar na ayaba. Mai sayarwa ya ce mata sunanta bird of paradise, wai in ta yi fure sai ka rantse kan tsuntsu ne mai tukku. Na ajiye ta a falo, can kusurwa bayan kujera, don kada rana ta ƙona ta. Da na ga robar da ta zo a ciki ta yi mata kaɗan, sai na sa yaro ya ɗebo min ƙasar fadama, muka mayar da ita babbar tukunya.

Tunda hunturu ya shigo gefen ganyen ya fara bushewa, biyu na ƙasa sun yi ruwan ɗorawa sun langaɓe. Akwai sabon ganye da ya fito tun Nuwamba, har yau yana nan a nannaɗe kamar tabarma. Na ƙara mata ruwa safe da yamma, abin sai gaba yake yi. Ga ganyen duk ya tsattsage. Wallahi ba na son yarinyar nan ta zo hutu ta tarar ta mutu a hannuna.

Mai lambu, Argungu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ƙishirwa ke damunta ba, ruwan ne ya yi mata yawa. Ƙasar fadama laka ce, shinkafa ke sonta. Ita wannan asalinta Afirka ta Kudu, sunanta na kimiyya Strelitzia, kuma saiwarta kauri gare ta kamar yatsa, tana ajiye ruwa. In ta kwana cikin laima kullum sai ta ruɓe, ganye kuma ya bushe tamkar ba a ba shi ruwa ba, tunda babu saiwar da za ta kai masa.

Ki kwantar da tukunyar ki zare ta a hankali. Saiwa mai lafiya fara ce, da tauri. Wadda ta yi baƙi ta yi laushi ki yanke da wuƙa mai tsabta. Sai ki haɗa ƙasar jigawa da ɓuntun shinkafa da takin shanu wanda ya ruɓe sosai, a tukunya mai huji a gindi, ba babba ba, don ta fi son matsi. Kafin ki sake ba ta ruwa ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu. In kin ji laima, ki ƙyale ta.

Ummu Khalil, Gusau:
Gaskiyar Malam. Amma Yaya, bayan kujera ma ba wurinta ba ne, haske take so sosai. Tawa shekararta 4, sai da na kai ta bakin tagar gabas tana shan hantsi sannan ta fara girma. Duk Juma'a nakan goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma, gaba da baya, domin ƙurar hunturu tana tare mata haske. Shi nannaɗaɗɗen ganyen, bushewar iska ce ta riƙe shi. Ki riƙa yayyafa masa ruwa, kada ki buɗe shi da ƙarfi. Tsagewa kuwa halinta ne, kamar ayaba.

Ki sani iri biyu aka fi sayarwa. Reginae ce mai fure ruwan lemo da shuɗi, ba ta cika wuce mita ɗaya da rabi ba. Nicolai farin fure gare ta, tana iya taɓo silin, kuma da wuya ta yi fure a ɗaki.

Baban Amira, Jega:
A kula da ranar la'asar daga Maris zuwa Mayu, zafinmu yana wuce digiri 40, ta gilashi ma tana ƙona ganye. Kuma a hana yara da kyanwa tauna ta, tana ɓata ciki.

Maman Sadiya, Birnin Kebbi:
Allah ya saka muku da alheri. Malam, na zare ta jiya bayan Azahar. Ashe tukunyar ko huji babu! Gindin ya zama taɓo, ga wari kamar na kwata, har hannuna yana rawa. Na yanke ruɓaɓɓun saiwoyi guda biyar, sauran farare ne tas, alhamdu lillahi. Ɓuntu na samo wurin masu casar shinkafa a unguwarmu, na mayar da ita ƙaramar tukunyar ƙasa, yanzu tana bakin tagar ɗakina ta gabas. Ƙanwata ta Gusau, na goge ganyen, tsumman ya fito jawur da ƙura. Ganye biyun da suka yi ɗorawa fa, in yanke su yanzu ko in bari su bushe da kansu?