Akawalina yana ɗingishi da ƙafar baya, zai kai hawan babbar Sallah?

Sani Gwale: Salamu alaikum 'yan uwa. Akawalina, wato baƙin dokina, shi ne ya ji ciwo ranar hawan Daushe na ƙaramar Sallah. An zabure shi, aka ja linzami ya turje, daga nan ya fara ɗaga ƙafar baya ta hagu. Ƙwaurin ya kumbura ta baya daga ƙasan gwiwa, da zafi in ka taɓa, ba rauni a fata. Yanzu ɗingishin ya ragu sosai. Yaron barga ya ce a kira mai lalas. Ni kuma so nake ya fita hawan babbar Sallah. Me kuka gani?

Alhaji Bala: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Amma Sani, cire hawan nan daga ranka. Jijiya ba ta samun jini kamar tsoka, shi ya sa take jinkirin ɗinkewa. Ɗingishi yana tafiya tun jijiyar tana ɗanya, a nan ake cutar doki: a gan shi ya miƙe, a ɗaura sirdi, a sukuwa ɗaya ta sake yagewa, ta fi ta farko muni. Tsakanin Sallah da Sallah wata biyu ne da 'yan kwanaki, wannan ciwon kuwa wata 6 zuwa 12 yake ci.

Dakta Hadiza: Alhaji ya faɗi gaskiya. Inda ka kwatanta ya yi kama da jijiyar da ke bin bayan ƙwauri tana riƙe da gaɓar da ke saman kofato, kuma ta ƙafar baya ta fi ta gaba wuyar warkewa. Sai dai hannu kaɗai ba ya tabbatarwa, ko tsagewar ƙashi na iya zuwa a haka. A yi masa sikanin, asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya ba nisa daga Kano. Muddin wurin na da zafi, ruwan sanyi ko ƙanƙara a tsumma, minti 20, sau biyu ko uku a rana. A naɗe da auduga mai kauri sannan bandeji, har ɗaya ƙafar, don ita ke ɗauke da nauyin yanzu. Lalas kuwa ƙuna ce kawai za a ƙara masa, ga ƙuda ga haɗarin tetanus, ciwon da ke sandarar da jiki.

Musa Polo: Ranki ya daɗe, bute fa, maganin rage zafin ciwo na dawaki? Mu shi muke bayarwa.

Dakta Hadiza: Yana rage kumburi, amma likita ya auna, na 'yan kwanaki. In ya daɗe yana taɓa ciki da ƙoda, kuma yana ɓoye ciwon har a zaci an warke.

Alhaji Bala: Ka rage masa dawa da dusa, ka bar shi da harawa da ciyawa. Dokin da ke tsaye a turke yana cin hatsi kamar mai aiki, harbin bango zai riƙa yi da ƙafar. In likita ta yarda, a riƙa jan sa da hannu minti 5 zuwa 10 a ƙasa mai tauri, ban da rairayi, ana ƙarawa sannu a hankali. A gyara kofato kada bakinsa ya yi tsawo.

Sani Gwale: Na gode, Baba Alhaji, na gode Dakta. Na sallami mai lalas, gobe zan nemi motar kai shi Zariya. Wanda ke da dokin aro na Sallah ya yi mini magana.