Ina Neman Hanyar Gano Asalin Kakanninmu a Ƙasar Gombe

Jikan Mutanen Nafada:

Assalamu alaikum. Ni mazaunin garin Gombe ne, kuma ina ƙoƙarin rubuta salsalar gidanmu domin yaran da ke tasowa. Na san sunan mahaifina, Allah ya jiƙansa, da na kakana da na mahaifin kakana, daga nan kuma sai hanya ta yanke. Abin da muka taso muna ji shi ne kakanmu ya baro Nafada yana yaro, a lokacin da sarauta ta taso zuwa Gombe ta yanzu. Shin akwai inda ake ajiye rajistar haihuwa da ta aure da ta mutuwa ta wancan zamani, kuma ana barin talaka ya duba? Ina roƙon waɗanda suka san harkar su ɗora ni a hanya.

Tsohon Ma'aikacin Lafiya, Azare:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya jiƙan magabata. Gara a gaya maka tun farko cewa da wuya ka sami takardar haihuwar kakanka, domin a wancan lokaci a ɗaki ake haihuwa a hannun ungozoma, a yanka rago ran suna, kuma shaidar jama'a ita ce rajistar. Dokar da ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa alhakin rajistar haihuwa da mutuwa a duk faɗin Najeriya ta 1992 ce, kafin nan kuwa aikin yana hannun En'e da ƙananan hukumomi, kuma ya fi tsayawa a manyan garuruwa da asibitoci. Mutuwa ma ta fi haihuwa ƙarancin takarda, tunda mu Musulmi a ranar muke binne mamacinmu, kuma ba a cika neman shaidar rasuwa ba sai idan akwai fansho ko kuɗi a banki. Idan ka ci karo da takardar rantsuwar shekaru ta kotu a cikin kayan mahaifinka, ka riƙe ta, amma kada ka ɗauki shekarar da ke ciki a matsayin tabbas, domin yawanci kintace ne aka yi saboda shiga makaranta ko neman aiki.

Ɗalibin Tarihi, Bauchi:

Maganar Baba na Azare gaskiya ce, sai dai rashin waɗannan takardu uku bai rufe ƙofa ba, domin hukuma a wancan zamani ta rubuta duk abin da kuɗi ke fitowa daga cikinsa. Ka bi sawun haraji da gado, a nan ne sunayen talakawa suka shiga takarda.

Da farko labarin gidanku ya riga ya ba ka shekara. Hedkwatar masarautar Gombe ta tashi daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sannan aka dawo da ita Gombe Doma, wato Gombe ta yanzu, a 1919, a zamanin Sarki Umaru. Idan kakanka yaro ne a lokacin ƙaurar, to haihuwarsa ba za ta yi nisa da 1910 ba, mahaifinsa kuma ya ga shigowar Turawa da idonsa.

Abin da ya fi komai amfani a wurina shi ne littattafan kotun alƙali. Idan aka kawo rabon gado, muhuti, wato magatakardan alƙali, yakan rubuta sunan mamaci da matansa da 'ya'yansa maza da mata da abin da kowa ya samu, saboda a lokacin kotu tana cire ushira, wato kashi ɗaya cikin goma, ta kai baitulmali, dole lissafi ya fito fili. Shafi guda na irin wannan ya ishe ka shaidar rasuwa da ta aure da ta haihuwa gaba ɗaya. Haka ma shari'ar saki da ta rikicin gona, inda mutum yakan ambaci ubansa da kakansa don ya tabbatar da cewa ya gaji wurin. Tsofaffin littattafan da Larabci aka rubuta su, saboda haka ka tafi da malamin da ya saba da rubutun hannu irin na warash, kuma ka fara tambaya a kotun yankin da ta gaji ta alƙalin gundumar, tare da sanin cewa gara da damina sun cinye da yawa.

Na biyu su ne takardun haraji da jangali, waɗanda malamin haraji ke rubutawa da sunan magidanta ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi. Wasu gidajen sarauta suna riƙe da ragowarsu har yanzu.

Sai kuma Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Bauchi suke, kuma Gombe tana ciki tunda sai a 1996 aka cire ta daga Jihar Bauchi. Akwai rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta gunduma-gunduma a kan yawan jama'a da ƙabilu da tarihin kafuwar garuruwa. Amma kada ka sa rai da yawa: sunayen hakimai da dagatai da alƙalai ne suka cika su, talaka ba ya fitowa sai idan wata shari'a ta biyo ta kansa. Amfaninsu shi ne su gaya maka daga ina mutanen unguwarku suka taso da kuma wanda ya jagorance su. Gidan Arewa, cibiyar nazarin tarihi, ma yana nan Kaduna, kuma yana da rubuce-rubucen Larabci da na ajami.

Malamar Islamiyya, Tudun Wada:

Malam, ina ganin an sa takarda a gaba an bar mutane a baya, alhali takarda za ta iya jira, tsofaffi kuwa ba za su jira ba. Kafin ka hau motar Kaduna, ka je wurin gwaggonninka da duk wata tsohuwa da ta yi zaman aure a gidan, domin mata ne ke riƙe da lissafin wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, da wadda ta fita ta bar ɗa a hannun kishiya. Littafin haraji ba zai ba ka sunan mace ko ɗaya ba, ka ga rabin zuriyarka ke nan ya ɓace.

Ka kuma yi hattara da sunaye. Saboda alkunya, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kuma yaron da ya ci sunan kakansa akan saka masa laƙabi, har ya tsufa jikokinsa ba su san sunansa na yanka ba. Mai yiwuwa wanda kuke kira Baba Ango ko Tanko, a littafin kotu Muhammadu ne ko Usmanu. Waɗanda suka shiga makarantar boko kuma sau da yawa da sunan garinsu aka rubuta su, kamar yadda Abubakar Tafawa Balewa ya ɗauki sunan garinsu, don haka sunan da ke rajistar makaranta ba lallai ya zama na uba ba. Ka rubuta kowane mutum da duk sunayensa.

Idan tsohuwa ba ta san shekara ba, ka tambaye ta abin da ya faru a lokacin. Zuwan Sarauniyar Ingila 1956 ne, jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961 ya iso Gombe a 1963, canjin kuɗi daga fam zuwa naira kuma 1973. Sannan idan gidan malamai ne, ka buɗe gafakar kakanka a hankali, domin malamai da yawa sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a gefen littafi da lissafin Hijira, kuma shekarar 1400 ta kama ne a Nuwamban 1979, daga nan sai ka ƙirga baya, kana tuna cewa shekaru 33 na Hijira daidai suke da kusan shekaru 32 na Miladiyya.

Ɗalibin Tarihi, Bauchi:

Na yarda da Malama a kan fara da tsofaffi, amma a riƙa jin kowa shi kaɗai sannan a gwada maganganun, domin kusan kowane gida a ƙasar nan yana son ya jingina kansa da Buba Yero da ya kafa masarautar Gombe ko Malam Yakubu da ya kafa ta Bauchi, kuma ba duka ne ke da hujja ba. Abu ɗaya da ya shafi yankin Nafada musamman shi ne yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, jama'a da yawa kuma suka wuce gabas har Sudan, wasu suka zauna a Mai Wurno. Idan aka ce maka wani ɗan'uwan kakan mahaifinka ya tafi gabas bai dawo ba, to can ya kamata ka nemi reshensa.

Jikan Mutanen Nafada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Akwai ƙanwar kakanmu da ke raye a Bajoga, ita zan fara gani a ƙarshen makon nan in Allah ya yarda. Malam na Bauchi, shin kafin a ba mutum fayil a Kaduna sai ya zo da takardar gabatarwa daga jami'a, ko katin shaida ya wadatar?