Na sauke Golf 3 ƙasa saboda tsere, yanzu sitiyari na fizga, a taimaka da shawara

Nura Ringim: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Golf 3 mai injin 2.0, ta yayana ce ya bar min da ya sayi wata, na gyara injin, na sake filet ɗin kuloci, na cire kujerun baya, fentin ma sabo ne. Wata mai zuwa za mu je filin tsere mai kwalta, na riga na biya kuɗin shiga. Na sayo koiloba (shokozoba mai haɗe da sifirin da ake ɗaga mota ko sauke ta da ita) 'yar Beljiyam a Ƙofar Ruwa, muka ɗaura a ƙauye, na sauke ta sosai. Daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi da 375 mm ne a gaba, yanzu hagu 295, dama 307. Matsalar, ko ƙaramin rami na taka sai sitiyari ya fizge gefe, a kwana kuma ina jin ƙwal daga dama. Taya 195/50 R15 ce. Wane tsayi ya kamata? Lokaci na ƙurewa wallahi.

Malam Habu Bakanike: Wa alaikumus salam. Ba ka faɗi awon baya ba, ba ka kuma faɗi irin koilobar ba. Akwai wadda zoben ƙarƙashin sifirin kaɗai ake juyawa, akwai wadda jikin shokozobar ke shiga cikin gindinta da zare. A ta farko duk abin da ka sauke ka cinye tafiyar shokozoba ne. Wacce ce taka?

Injiniya Sabo: Ƙanena, 80 mm ka sauke, ta yi yawa, kuma ba sai na ga motar ba. Ajiye ta a kan tayoyinta ka leƙa lowa am, ƙarfen ƙasa da ke haɗa wili da jikin mota. Idan ɓangaren boljoyin, wato na wajen taya, ya fi ɓangaren da ke ɗaure da jikin mota tsayi, ka wuce gona da iri. Gaban Golf irin Makfason ne, mai shokozoba a sama da lowa am ɗaya a ƙasa, da zarar lowa am ya kalli sama ta wajen taya, wurin da mota ke jingina a kwana ya faɗi ƙasa fiye da yadda nauyinta ya sauka, sai ta ƙara kwanciya gefe maimakon ta rage. Fizgar sitiyarin kuma tayarod ne, sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya. Shi ma ya karkace, duk sanda taya ta hau sama sai ya ja bakinta, motar ta juya kanta ba ka juya ba. Ƙarar dama kuwa duba shaf ɗin dama mai juya taya, shi ne dogon, yana dukan ƙarfen shasi idan an sauke sosai. Za ka ga wurin ya goge yana sheƙi.

Ka mayar da ita 35 zuwa 40 mm ƙasa da yadda take a da, wato wajen 335 zuwa 340, lowa am ya kwanta daidai da ƙasa ko ya ɗan sunkuya ta wajen taya.

Nura Ringim: Oga Injiniya na gode, amma motocin tseren da nake gani duk a ƙasa suke kamar za su lashi kwalta. Idan na ɗaga ta 340 ai ta koma ta haya.

Injiniya Sabo: Waɗancan an canza musu boljoyin da bakin tayarod masu tsawo don gyara kusurwar, sifirin ɗinsu kuma ya fi naka tauri nesa. Kai tsayin kawai ka kwaikwaya. Kuma awon naka ma ban yarda da shi ba, bambancin 12 mm tsakanin hagu da dama a kan wace ƙasa ka auna? Nemi daɓen siminti, ka tabbatar da shi da tiyon ruwa irin na magina, inda ya yi ƙasa ka sa tayil ko falle-fallen katako a ƙarƙashin taya. Iska ɗaya a tayoyi, mai rabin tanki, nauyinka a kujerar direba. In kana kilo 75, buhun siminti ɗaya da rabi ke nan. Idan sitabilaizarka, sandar da ke rage kwanciyar mota a kwana, mai lin ce ka kwance lin ɗin gefe ɗaya tukuna. Duk juyin da ka yi wa zobe, ka ɗaga mota da jak kafin ka juya, ka wanke zaren da buroshi don ƙurar nan tamu tana cinye shi, ka sauke, ka tura motar gaba da baya mita biyu uku, ka danna ta, sannan ka auna. In ba ka tura ba tayoyin na riƙe da ƙasa, awon ƙarya za ka samu. Yi wa zoben alama da fenti, juyi ɗaya ka auna nawa ya ba ka, yawanci 1.5 ko 2 mm ne a gaba, daga nan lissafi ne kawai.

Auwalu Direba: Ni duk wannan bai dame ni ba kamar masu alaimen. Ka biya kuɗi, su ɗaura na'ura, ko boljoyin ba za su girgiza ba, minti goma a ce an gama. Bayan wata guda taya ta cinye ta ciki. Nura, duk tsayin da ka zaɓa sai ka sake alaimen, ka tsaya a kansu kana kallon lambobin.

Malam Habu Bakanike: Wannan gaskiya ne, sauke mota na canza kamba, wato kwanciyar saman taya ciki ko waje, da bakin tayoyi. Don kwalta kamba ta gaba ta kwanta ciki digiri 2, bakin tayoyi a miƙe ko ya buɗe waje 1 mm. Amma Injiniya, ban yarda a yanke 340 ba tare da an san tafiyar da ta rage ba. Nura, ɗaura igiyar robar nan mai kulle kanta a sandar shokozoba, ka tura ta ƙasa ta zauna a bakin jiki, ka yi kwana biyu uku da ƙarfi ka taka birki, ka dawo ka duba. In ta matse da robar tsayarwa ta sama, motar a kan roba take tafiya, sifirin ba ya aiki. Abin da ake so kusan kashi biyu cikin uku na tafiyar ya rage don hawa sama, ɗaya don saukowa. Sannan nocin bushin ɗin lowa am na gaba, a sassauta a sake ɗaurewa mota na kan tayoyinta a sabon tsayi. In an ɗaure tana rataye, robar a murɗe take zaune, ba za ta daɗe ba.

Injiniya Sabo: Malam Habu, igiyar za ta nuna abin da na faɗa ne. A gwada.

Ɗanladi Gumel: Ba wanda ya yi maganar baya. Mota mai ja da gaba tana son tura hanci waje a kwana. Ɗaga baya 10 mm sama da gaba, a auna daga ƙasa zuwa wurin sa jak, za ta fi juyawa. In ka ga tayar baya ta ciki ta ɗaga sama a kwana kada ka tsorata, halin Golf ne. Kuma tsayi daidai da tef ba ya nufin nauyi ya rabu daidai. A ɗora kowace taya a sikeli, gaban hagu da bayan dama a haɗa su ba da rabin nauyin motar. Ɗaga zobe ɗaya na ƙara nauyi a wannan tayar da wadda ke kusurwar da ke fuskantarta a gicciye, kamar gaban hagu da bayan dama. Sikelin masu awon hatsi mai ɗaukar kilo 500 zai yi, a tallafe sauran ukun su kai tsayinsa.

Injiniya Sabo: Farantin wannan sikelin na motsi, kana ɗora taya zai sauka, awon ya ɓaci. Ko huɗu a lokaci guda ko a bari. Ɗaga baya ga wanda bai taɓa shiga fili ba kuwa, in ya saki totur a tsakiyar kwana sai bayan motar ya zagayo gaba. A fara da daidai.

Ɗanladi Gumel: 10 mm ba ya juya mota, Yallaɓai.

Malam Habu Bakanike: Nura har yanzu ba ka faɗi irin koilobar ba. Kuma daga ƙauyenku zuwa kwalta hanyar burji ce, a 295 botom filet, kaskon man da ke ƙarƙashin injin, zai gamu da dutse kafin ka ga fili.

Nura Ringim: Zobe biyu ne a ƙarƙashin sifirin, ban ga wani zare a ƙasa ba. Hanya kuma a hankali nake bi, ban taɓa bugawa ba. Na leƙa shaf ɗin, akwai gogewa amma kaɗan ce. Ina ganin zan tsaya a 315 in ga yadda za ta yi, 340 ta yi min yawa gaskiya. Ko in saka sifirin mai tauri in bar ta yadda take? Akwai wanda ya san inda zan samu kafin Juma'a?